Zaftarewar ƙasa a Kamaru: Abin da ya kamata fatake su sani

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 5 ga Nuwamba 2024 ƙasa ta zaftare a hawan Dschang, kan hanyar da ke gangarawa zuwa Duwala a yammacin Kamaru. Zaftarewar farko ta toshe hanya. Ana cikin kwashe ƙasar sai ta biyu ta rufto kan motocin fasinja da na aikin hanya, mutane fiye da goma suka rasu. Kafin nan, a Oktoban 2019, irin wannan masifa ta kashe mutane fiye da 40 a unguwar Gouache ta Bafusam.

Abin tambaya shi ne, me ya sa gangaren wannan yanki ba ya riƙe kansa? Masana sun ce amsar tana cikin ƙasar. Yawancin tsaunukan yammacin Kamaru aman wuta ne ya samar da su. Zafi da ruwan sama na dubban shekaru sun ruɓar da saman dutsen, ya koma jar ƙasa mai yumɓu, a ƙarƙashinta kuma dutse mai tauri. Da rani takan ƙame. Idan ta ƙoshi da ruwa sai nauyinta ya ƙaru, ƙarfin riƙonta ya ragu, ta sulale a kan dutsen.

Girgizar ƙasa na ƙara dagula lamarin, domin tana tsattsaga gangare, ruwa ya samu hanyar shiga. Tsaunin Kamaru ya yi aman wuta tare da girgiza a 1999 da 2000, sannan a Yunin 2001 ruwa mai ƙarfi ya jawo zaftarewa a Limbe da ke gindinsa. Yanke gindin tudu don shimfiɗa hanya da sare itatuwa su ma suna raunana shi.

Ga ɗan kasuwan da ke jiran kaya daga tashar jiragen ruwan Duwala, toshewar hanya na nufin jinkiri da ƙarin kuɗin mota. Amma rai ya fi dukiya. Hatsarin ya fi yawa a ƙarshen damina, lokacin da ƙasa ta gama shan ruwa. Direban da ya ga sabuwar tsaga a kwalta, ko itatuwa sun karkata, ko ruwan laka na tsattsafowa daga tudu, kada ya tsaya. In kuwa ya tarar da zaftarewa, ya ja baya nesa, kada ya shiga layi a gindin tudun. Allah ya kiyaye hanya.