Mota Ta Tsaya, Kaya Bai Tsaya Ba

Ya kai mai karatu, ranar kasuwar Matamaye ka ɗan je tasha ka tsaya, ka duba yadda ake lodi. Kada ka ɓata lokaci wajen kallon bisan mota, inda aka jibge buhunan hatsi da damman rake aka ja igiya aka tamke. Wannan kowane yaron mota ya iya shi, domin in buhu ya faɗi tsakanin nan da Takeita, direba ne zai biya. Leƙa ciki, inda mutane ke zama. A ƙarƙashin kujera ga galma, ga gatari ba ko tsumma a bakinsa. A bayan kujerar ƙarshe ga tayar ko-ta-kwana an jingine, ga jak a kanta, ga jarkar fetur, ga kwalbar gas a kwance tana gangare duk lokacin da aka sha kwana. Wata rana kuma ga mafarauci ya shigo da bindigar toka, ya tsayar da ita tsakanin gwiwoyinsa, bakinta na kallon rufi, ko kuwa na kallon ƙeyar wanda ke gabansa.

Abin da za a yi asarar kuɗi a kansa an ɗaure. Abin da zai fasa kan mutum an bar shi sake. Wannan ita ce maganar da nake so mu yi, kuma ba zan sassauta ba.

Mutane da yawa suna tsammani in direba ya taka birki, kome da ke cikin mota ya tsaya. Ba haka ba ne. Birki ƙafafun mota kaɗai yake kamawa. Kai da kake zaune, da gatarin da ke ƙarƙashinka, da jarkar da ke bayanka, duk kuna gudu daidai da gudun motar, kuma za ku ci gaba da wannan gudu sai wani abu ya tare ku. Wanda ya taɓa hawa amalanke ya san haka. In sa ya turje farat ɗaya, ai tulun da ke baya gaba yake yi. Wani malamin lissafi na ƙasar Ingila, Niyuton, ya rubuta wannan ƙa'ida tun shekarar 1687, amma mai amalanke bai jira shi ba.

To, bari mu auna. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, in ta yi karo da gindin gawo ko babbar motar da ta lalace a tsakiyar hanya ba fitila, bugun daidai yake da na abin da ya faɗo daga tsawon mita 14. Wato rijiya mai gaba takwas. In gudun ya kai kilomita 80, mita 25 ke nan, kusan gaba goma sha huɗu. Ka lura, gudun ƙaruwa kaɗan ya yi, amma zurfin rijiyar ya kusa ninkawa. Yanzu ka kwatanta kana tsaye a ƙasan wannan rijiya, wani ya sako maka gatari daga sama. Wa zai yarda? Amma kullum muna yarda, har muna biyan kuɗin mota a kai.

Kuma a lokacin irin wannan karo, abu yakan danna abin da ya tare shi da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau ashirin ko fiye. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce in tana ajiye. A lokacin karo ta zama rabin tan, nauyin buhun hatsi biyar, a bayan kujerar da ƙusa huɗu ke riƙe da ita. Matar da ta ce ai ta rungume ƙwaryar kayanta, ko dattijon da ya ce ai ya taka gatarinsa da ƙafa, ba su san da wa suke kokawa ba. Babu hannun da zai riƙe.

Ba ma sai an yi karo ba. Hanyarmu, daga Takeita zuwa Kance, zuwa Matamaye, zuwa Ɗan Barto har a shiga Kwangwalam a nufi Daura da Kano, hanya ce ta ƙauyuka. Jaki na fitowa, akuya na tsallakawa, yaro na bin tayarsa. Direban kirki yakan taka birki da ƙarfi sau da yawa a tafiya guda, kuma don ya ceci rai yake yi. Ashe ba abin kunya ba ne a ceci akuya a waje, jak ya karya ƙafar yarinya a ciki?

Sai maganar bindiga, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ina girmama mafarauta. Sana'a ce ta gado, kuma su ake nema in wani abu ya addabi gari. Amma su ma sun san gaskiyar abin da zan faɗa. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a sake cusawa. In an ɗura ta, fitar da abin da ke ciki aiki ne, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a harba ta a iska. Harbin iska kuwa asarar albarushi ce. Shi ya sa mai bindiga yakan dawo daga daji da ita a ɗure, ya ce ai ya cire ɗan makyastun da ake sa wa a inda guduma ke bugawa, saboda haka ba za ta tashi ba. Wa ya tabbatar masa? Ɗan ɓurɓushin da ya maƙale a wurin ya isa, in gudumar ta sami bugu. Bindiga ce ƙirar maƙeri, ba ta da makullin hana tashi irin na bindigar bature, kunamarta kuma ta sha aiki ta yi sanyi. A ɗora ta a mota mai faɗawa rami tana tsalle, a matse ta tsakanin buhu da ƙarfen kujera, yaro ya miƙa hannu yana wasa. Me ya rage?

In ka yi masa magana sai ya ce, "Malam, shekarata talatin ina riƙe da ita, ba ta taɓa tashi ba." Gaskiya ne. Sau ɗaya take bukata. Kuma a cikin daji in ta tashi da kanta itace take samu, ko ƙasa. A cikin Hayis mai ɗaukar mutum 19, ko ina bakinta ya juya akwai ɗan wani.

Wani kuma hujjarsa ta fi wannan kama hankali. Ya ce zamani ya lalace, akwai masu tare hanya, bindigar da ba a ɗura ba kuwa sanda ce. Na ji. Amma ka dube shi inda yake zaune, mutum huɗu a kujerar mutum uku, gwiwarsa a ƙirji, bindigar ta kusa kai tsawonsa. Ko juya ta ba zai iya ba sai ya bi da bakinta ta kan mutum biyar. Harbi guda gare shi, kafin ya sake ɗurawa an yi abin da za a yi. Wannan bindiga ba ta tsare kowa a motar ba. Barazanarta duk a kan fasinjoji take, tun daga tasha har a sauka.

Abin da ya kamata ba shi da wuya. Ya harbe ta a daji kafin ya doshi gari, albarushin ya tafi sadaka. Mai bindigar da ake karyawa a tsakiya ya karya ta, ya zare harsashi, ya leƙa cikin bututun da idonsa, ya sa harsashin a jaka dabam. A naɗe bindigar a tabarma ko buhu, a kwantar da ita a ƙasa, a ɗaure ta da ƙafar kujera ko a sa ta cikin lodin sama. Albarushi kuma kada ya kwana kusa da jarkar mai. Ya gaya wa direba tun a tasha cewa yana ɗauke da bindiga, takardar izininsa tana aljihu, don kada jandarma ya zaro ta a shinge motar duka ta kwana a can saboda mutum ɗaya. Mai kaki ma da ya shiga motar haya da bindigar aiki, ƙa'idar da aka koya masa a bariki ba ta ƙare a bakin tasha ba.

Na san amsar da ake ba mai irin wannan magana, don an sha ba ni. Wai abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, wai tsoro ba ya hana mutuwa. Wannan magana gaskiya ce da ake fakewa da ita don a guje wa aikin minti biyar. Tambayi malamin unguwarku. Zai gaya maka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Zai kuma gaya maka, a cikin Buhari da Muslim, an umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannu, kada ya ji wa wani. Kibiya ke nan, a hannun mai tafiya da ƙafa. Ina ga bindiga ɗurarriya a motar da ke gudu? Abin mamaki, mai kawo hujjar ƙaddara ba ya kawo ta a kan buhunsa na bisa mota. Can shi da kansa yake zagayawa yana jan igiya ya ji ko ta yi ƙwari.

Fetur kuwa sha'aninsa dabam ne, don shi ba sai ya buge ka ba. Mu mutanen bakin iyaka mun saba da shi har mun raina shi, muna ganinsa a kwalabe a bakin hanya kamar man gyaɗa. Tururinsa ya fi iska nauyi. In murfin jarka bai kama ba, ko ta faɗi ta kwanta, tururin yana taruwa a ƙasan mota inda ƙafafu suke, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce awo 40. Sai wani ya kyasta ashana don taba, ko wayar batir ta yi tartsatsi. Motar kuma ƙofarta guda ce, ita ma sai yaron mota ya buɗe ta daga waje da dabara. Jarkar mai ba ta da wurin zama cikin mutane, ko ta direba ce. Kwalbar gas kuma a tsaye ake ɗaukarta, a rufe, a ɗaure.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Gyaran kwalta da sayen sababbin motoci aikin masu kuɗi ne da hukuma, ba ya hannuna ba ya hannunka. Igiya tana hannunmu. Tsohuwar robar taya da ake yankawa ana ɗaure kaya a kan babur, ita ma ta isa ta kama jak da taya a jikin mota.

Laifin direbobi da 'yan kamasho a nan babba ne. Sun san kome, sun fi ni sani, sun ga abin da ban gani ba. Amma suna karɓar kuɗin kaya, su tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa, su ce a matsa. Wanda ya karɓi kuɗin gatari ya karɓi amanar gatarin. Shugabannin tasha da suke iya hana mota lodi in ba ta bi layi ba, suna iya hana ta tashi in akwai ƙarfe sake a cikinta. Jami'in da ke tsayar da mota a shinge yana duba takardu, zai iya sunkuyawa ya dubi ƙasan kujera, ba zai ɗauke shi minti guda ba.

Kai ma, mai karatu, ba ka fita ba. Kai ne kake ganin bakin galma yana kallon ƙaurin ɗanka, ka yi shiru don kada a ce ka cika fitina. Kai ne kake jin warin fetur tun kafin a tashi, ka toshe hanci da rawani. Ka biya kuɗinka cif, ba alfarma aka yi maka ba. Yi magana tun mota tana tsaye, cikin ladabi, ka ce, "Direba, don Allah a fitar da jarkar nan a sa ta sama." Ka ce wa mai bindiga, "Baba, a ɗure take ko an sauke?" In ya ce an sauke, ka roƙe shi ya zura sandar ɗurin a bututun kowa ya ga inda ta tsaya. Za a yi gunaguni, wani zai ce kana ɓata wa mutane lokaci. In sun ƙi, sauka ka karɓi kuɗinka, akwai wata motar a bayanta.