Tsohon Wili A Jikin 'Yar Tirelar Gida: Kyau Ba Ya Ɗaukar Kaya

Yau za mu leƙa Amurka ne, wajen wasu mutane da ke haɗa ɗan ɗakin kwana a kan taya biyu da hannunsu a bayan gida, su maƙala shi a bayan mota su tafi daji ko bakin tafki su yi kwana biyu su dawo. Da muka ce tirela kada hankalinku ya tafi kan irin ta dakon siminti, wannan 'yar ƙarama ce, katifar mutum biyu kawai take ci, sai ɗan wurin girki da ake buɗewa ta baya. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce mai siffar ɗigon hawaye, gabanta a dunƙule, bayanta ya tafi a tsuke.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda da yawa daga cikin masu wannan aiki ke ƙin saka mata farin wilin da ake sayar wa tireloli a shago. Sai su shiga kasuwar tsofaffin kayan mota suna neman wilin Ford na 1935 mai wayoyi, ko na Chevrolet na shekarun 1950 mai marfi mai ƙyalli, ko na Volkswagen mai ramuka biyar a warwatse. Ra'ayinmu a kan wannan shi ne: sha'awa ce mai kyau kuma tana da tushe, sai dai wili ba ya cikin kayan ado. Duk wanda ya zaɓe shi da ido kaɗai, ba da awo ba, ya sa ran wanda ke bin bayansa a titi cikin caca.

Bari mu fara ba su haƙƙinsu. Irin wannan tirela ta fara yaɗuwa a shekarun 1930, ta kuma bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ragowar kayan soja suka cika kasuwa. Da alminiyam ɗin jiragen yaƙi aka riƙa lulluɓe jikinta, aka riƙa saka mata wilin motocin Jeep da suka gama aiki. Kamfanin Kit ya fara ƙera nasa a Kaliforniya a 1945, mujallar Mechanix Illustrated kuma ta buga zanen yadda mutum zai haɗa tasa a watan Satumba na 1947. Girman da aka fi sani, ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, daidai yake da girman fallen katakon filawud guda. Kun ga ke nan tun asali abar talaka ce, da abin da ke kusa aka yi ta. Wanda ya nemo tsohon wili a yau yana bin sawun waɗancan ne, ba wani sabon iyayi ya ƙirƙiro ba.

Bayan tarihi akwai hujjoji na aiki. Idan tsohuwar mota ce za ta ja tirelar, kuma wilinsu iri ɗaya ne, safaya ɗaya ta ishe su duka biyun. Sannan tayoyin ƙananan tirelolin shago sukan zama masu inci 8 ko 12, su kuwa tsofaffin wilin motoci inci 15 ko 16 ne. Babbar taya ba ta juyi da yawa kamar ƙarama a tafiya guda, don haka boris ɗinta ba ya ɗaukar zafi sosai, kuma ta fi iya tsallake rami. Duk wannan mun yarda da shi. Inda muke rabuwa da wasunsu shi ne wajen da suke cewa tunda ramuka sun shiga, aiki ya ƙare.

Ramukan noti su ne awo na farko, kuma su ne mafi yaudara. Ana auna su ne da yawansu da kuma faɗin da'irar da suka zauna a kai. Mafi yawan aksil ɗin tirela mai ɗaukar fam 3,500 a Amurka yana zuwa da ramuka 5 a kan inci 4.5, wato milimita 114.3, wanda ya yi daidai da na motocin Ford daga 1949 da kuma yawancin na Chrysler. Chevrolet kuwa 5 ne a kan inci 4.75. Ford na 1935 da Jeep na soja 5 ne a kan inci 5.5. Volkswagen na kafin 1968 yana da 5 a kan milimita 205. Waɗanda tazararsu ke da yawa ba su da haɗari, domin ba za su shiga ba ma, mutum zai gane da kansa. Masu haɗarin su ne na kurkusa. Inci 4.75 na Chevrolet shi ne milimita 120.65, na BMW kuma 120 cif. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, wilin zai shiga, notin zai ɗauru, amma kowane noti zai zauna a karkace yana lanƙwasa ƙarfen da ya hau. Kama da wane ba ta wane. A hankali notin zai saki ko ƙarfen ya karye, kuma ba a tsaye hakan ke faruwa ba.

Awo na biyu shi ne ramin tsakiya. Hob ɗin tirela yakan fi na mota kauri a baki, saboda haka sau da yawa tsohon wili yakan maƙale kafin bayansa ya manne da fuskar hob. A nan ne ake yin ɓarna, wani ya ɗauko injin guga ya faɗaɗa ramin da hannu, wani ya tura wilin da ƙarfin noti. Wilin da bayansa bai kwanta sosai a kan hob ba, a kan noti kaɗai yake rataye. Shi ma mai wayoyin nan na Ford bayansa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, sai an saka masa zoben da zai tallafe shi idan za a ɗora shi a kan abin da ba nasa ba. Haka nan bakin noti iri-iri ne, akwai mai tsini kamar mazurari, akwai mai zagaye irin na Volkswagen da Mercedes, kuma kowanne da irin ramin da aka yi dominsa.

Na uku shi ne inda fuskar wilin take idan aka kwatanta da tsakiyar faɗinsa. A cikin hob akwai boris biyu, na ciki da na waje, kuma an tsara tirela ne yadda nauyi zai sauka a tsakaninsu. Wannan yana samuwa idan fuskar wilin tana tsakiya ko kusa da tsakiya. A wannan gaɓa tsofaffin motoci masu jan baya sun fi na zamani dacewa da tirela, domin yawancin wilinsu ba su kauce daga tsakiya sosai ba. Matsalar tana zuwa ne lokacin da ramuka suka ƙi haɗuwa aka sayo farantin da ke canza su. Farantin yana tura wilin waje da inci ɗaya ko fiye, nauyi ya koma kan ƙaramin boris na waje, sannan notin da za a riƙa dubawa a kowane ɓangare ya tashi daga biyar zuwa goma, biyar daga ciki kuma a ɓoye suke sai an cire taya.

Na huɗu shi ne nauyi, kuma a nan ne lissafi ke ƙaryata ido. Mutum zai ce ai wannan wilin mota ya ɗauka, ina ga 'yar tirela? To a ce motar kilo 1,200 ce, ƙafa huɗu ke raba nauyin, kowacce 300. A ce tirelar da ruwa da batir da kayan girki ta kai kilo 800. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne ake so ya sauka a kan maƙalin mota don kada ta riƙa lilo, a ce kilo 80, sauran 720 ƙafa biyu ne za su raba, kowacce 360. Ƙaramar tirelar ta fi motar danna wili ke nan. Ga kuma ƙa'idar da ake bi a Amurka, cewa idan aka saka tayar motar fasinja a tirela sai a raba nauyin da aka rubuta a jikinta da 1.10, wato mai kilo 550 ta koma 500. Wilin tirela na zamani yakan zo da adadin nauyinsa a buge a jiki, shi kuwa tsohon wilin mota galibi ba shi da wannan rubutu.

Za a ce mana da tsohuwar zuma ake magani, kuma mutanen 1947 ba su yi duk wannan dogon lissafi ba amma sun je sun dawo. Wilin da suka saka a lokacin bai wuce shekara goma ko sha biyu ba, yanzu ya haura tamanin. Tsatsa tana cin ƙarfe ta ciki inda taya ke rufewa, ramukan noti sun buɗe saboda ɗauri da kwancewa, fenti sabo kuma yana iya ɓoye tsaga. Sannan an yi shi ne don taya mai tif, ba shi da tudun nan na ciki da ke riƙe leɓen taya idan iska ta ragu, domin taya marar tif ba ta zama ruwan dare ba sai tsakiyar shekarun 1950. Titin ma ya canza, dokar da ta kafa manyan hanyoyin da suka ratsa jihohin Amurka a 1956 aka sa mata hannu. Wanda ke bin ƙaramar hanya a hankali da wanda ke gudun kilomita 110 a awa tsakanin manyan motoci ba abu ɗaya suke nema daga wili ba.

Abin da ya sa muke ɗaukar maganar da zafi shi ne tirela ba ta da bakin faɗa. Idan wilin mota ya fara sakewa, direba zai ji a sitiyari, zai ji ƙara a ƙarƙashinsa. Na tirela yana can baya, babu kowa a ciki, kuma irin waɗannan ƙanana da yawansu ba su da birki. A Ingila da ƙasashen Turai ma doka ta yarda tirelar da ba ta wuce kilo 750 ba ta yi tafiya babu birki. Tayar da ta fice a guje ba mai ita take samu ba, gaba take yi ko ta tsallaka ɗaya hannun, ta samu mai babur ko gilashin wanda bai san an yi ba. Mai tirela ya zaɓi adonsa da kansa, wancan bawan Allah ba a yi shawara da shi ba.

Saboda haka abin da muke goyon baya shi ne a juya tsarin aikin. A fara da wilin, a wanke shi har ƙarfe ya fito, a kai wa wanda zai juya shi ya ga ko ya karkace, a duba tsaga a gefen ramuka. Idan ya tsallake, sai a auna shi, sannan a yi odar aksil da hob da suka dace da shi, domin masu ƙera aksil suna yanka tsawon da aka nema, suna kuma da hob mai ramukan Chevrolet da na wasu. Bayan nan ne za a san inda bango da murfin taya za su zauna. Mafi yawan dabarun da ke jawo matsala suna fitowa ne daga wanda ya gama gini tukuna ya ga wilin da ya burge shi. Idan kuma tsohon wilin bai tsallake ba, akwai kamfanoni irin su Coker Tire da Wheel Vintiques da ke sayar da sababbi masu kamannin na da, a ɗora musu tsohon marfi, daga nesa ba mai bambancewa. Tayar kanta sabuwa za a saya, lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma Michelin na ba da shawarar a sauke duk wadda ta kai shekara 10 ko da zanenta bai ci ba. Bayan an ɗaura, masu aksil suna cewa a sake bin noti bayan mil 10, da 25, da 50.

Mu ma nan gida maganar ba ta yi mana nisa ba. Tsofaffin ƙafafun Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, suna nan a ƙarƙashin amalanken shanu da na jakuna, kuma masu walda sun iya wannan aiki ƙwarai. A tafiyar sa babu abin da zai faru ko da noti biyu ne suka rage. Amma idan aka ɗora janareta ko tankin ruwa a kan irin wannan ƙafa aka maƙala a bayan mota aka hau babban titi, awon nan huɗu duk sun hau kanmu. Ita 504 ramukanta 4 ne a kan milimita 140, ba kowane wili mai rami huɗu a Panteka ko Ƙofar Ruwa ne nata ba.

Muna tare da duk mai son raya tsohon ƙarfe maimakon ya bar shi ya ruɓe a bola, matuƙar zai auna shi kafin ya so shi. Wilin da ya faɗi awo a rataye shi a bangon gareji, can ma zai yi kyau. Sai mun ji daga gare ku, musamman waɗanda suka taɓa zama a garejin kanikanci ko shagon walda.