Kwangilar Manhaja: A Daina Cinikin Biri a Sama

Daga ofishin duwan na Birnin Ƙonni har zuwa rumfunan albasa na Galmi, lissafin da aka saba yi da biro da babban littafi yana ta komawa cikin kwamfuta. Ɗan kasuwar da ya shigo da kaya daga Illelar Najeriya, manhajar SYDONIA ce ke lissafa masa kuɗin fito. Gobe kuma harajin kasuwa, da kuɗin tasha, da rajistar filaye na gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela duk can za su nufa. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da amfanin wannan sauyi. Abin tambaya shi ne: wa za a ba aikin gina waɗannan manhajoji, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa?

Manhajar da ake gina wa ma'aikata ko ƙungiyar ƴan kasuwa daidai da bukatarta ba ta zama kamar babur da mutum zai hau ya gwada kafin ya biya. Ranar da ake sa hannu babu ita. Alkawari kawai ake saye. Saboda haka wanda ya zaɓi kamfani don ya ga hotuna masu ƙyalli a allo, ko don farashinsa ya fi na kowa sauƙi, ko don mai shi ɗan uwan wani babba ne, ya yi cinikin biri a sama. Araha kuwa ba ta ado.

Wanda ke ganin maganar ta ƙwararru ce kaɗai, to ya dubi abin da ya auku a Ingila. A shekara ta 1999 gidan wayar ƙasar ya soma aiki da manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi inda ba a ci ko sisi ba. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassan gidan waya sama da 900 gaban shari'a. Wasu suka tsiyace wajen cike giɓin, wasu suka shiga kurkuku. Sai a 2019 wata babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakurai, kuma ma'aikatan kamfanin na iya taɓa lissafin reshe daga nesa. Sai a 2024 majalisar dokoki ta soke hukunce-hukuncen. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi da jaridu birjik, ina ga mai karɓar haraji na kasuwar ƙauye, wanda na'ura za ta ce ya ci jika ɗari biyu? Ina ga ɗan kasuwar da za a ce bai biya ba alhali ya biya? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Don haka, abin da ya kamata a bincika kafin komi shi ne yadda kamfani ke tafiyar da aikin da aka damƙa masa. Kamfanin kirki ba ya faɗin farashi sai ya zauna da akawu da mai yankan tikiti ya ga yadda suke aiki, sannan a rubuta bukatun a takarda, kowa ya sa hannu. Yana naɗa mutum guda, sananne da suna, wanda za a tuhuma idan aiki ya tsaya. Yana kawo aikin kashi-kashi, a gwada kowane kashi a ranar kasuwa ta gaske, a biya shi gwargwadon abin da ya kammala. Wanda ya nemi rabin kuɗi tun farko, ya ce a jira shi wata shida, to a yi hattara da shi. Kuma a je a tambayi waɗanda ya taɓa yi wa aiki, musamman bayan shekara biyu da gamawa: idan suka kira shi, yana amsawa?

Na biyu, a gwada manhajar da halin da ƙasa ke ciki. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, aka yi watanni ana fama. Manhajar da ba ta iya karɓar kuɗi da ba da rasit sai da wuta da intanet, ba don wannan yanki aka yi ta ba.

Na uku, kuma mafi nauyi: mabuɗi a hannun wa yake? Dole kwangila ta fayyace cewa asalin rubutun manhajar da dukkan bayanan da ke ciki mallakar wanda ya biya ne, kuma duk wanda ya canza wani adadi, na'ura ta ajiye sunansa da lokaci. Nijar na da dokar kare bayanan jama'a tun 2017. Sunayen masu biyan haraji ba hajar kamfani ba ce. SYDONIA kanta, wadda hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, ta daɗe ne saboda ana horar da jami'an kowace ƙasa su riƙe ta da kansu.

A watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati a madadinsu. Inda babu ɗan majalisar da zai ɗaga hannu ya yi tambaya, wajibin bayyana gaskiya ya ninka a kan mai sa hannu. A kafe kowace kwangilar manhaja a ƙofar ofishi: sunan kamfani, kuɗin, da wa'adin. A sa wakilan ƴan kasuwa da na ma'aikata cikin kwamitin da zai karɓi aikin, tunda su ne za su ɗauki kuskurensa a ka. Tun ran gini, tun ran zane.