Kufai Ma Yana Ciyar Da Mutane

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwana 'yan kasuwa da mutanen karkara wani abu da na gano a ƙasar Jamus, wanda har yau yake yi mini yawo a zuciya.

Ni dai sana'ata sayar da kayan gyaran mota. A shekarar 2023 harkar sarin kaya ta kai ni Jamus, na sauka wurin ɗan ƙanwata da ke karatu a birnin Mainz. Ran Lahadi kasuwanni a rufe suke a can, sai ya ce, "Kawu, tashi in kai ka ka ga kufai." Na ce da shi kai yaro, na baro kufai a gida in zo in biya kuɗin jirgi don in kalli na wasu? Ya matsa, na bi shi. Ashe gani ya kori ji.

Mun hau jirgin ƙasa muka bi gaɓar kogin Rayin. Tsakanin garin Bingen da Koblenz tafiyar kamar kilomita 65 ce, ƙauyuka ne da gonakin inabi a jikin duwatsu, ko gada babu sai jirgin fito. Amma a wannan ɗan tsakani akwai gidajen sarauta na dutse masu ganuwa wajen 40, wasu a tsaye, wasu sun zama kango. A shekarar 2002 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Jama'a, kada ku ɗauka don ado aka gina su. Da yawa daga cikinsu shingayen karɓar kuɗin fito ne, irin wanda fatakenmu na da suka sha biya. A kusa da garin Kaub akwai wani da ake kira Pfalzgrafenstein, a tsakiyar ruwa yake kamar jirgi. Sarki Ludwig na Bavariya ya fara gina shi a 1326. Sarƙa ake ja a tare kogin, jirgin 'yan kasuwa ba ya wucewa sai ya biya, wanda ya ƙi kuwa a jefa shi kurkuku har a fanshe shi. Sai a 1867 aka daina karɓar kuɗin. Na yi dariya na ce ashe ɗan kasuwa ko'ina shi ne saniyar tatsa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne kufan Rheinfels da ke saman garin Sankt Goar. An kafa shi a 1245. Sojojin Faransa suka tarwatsa shi da albarushi a 1796 da 1797, bayan nan aka mai da shi wurin ɗibar dutse, ana kwasa ana kai wa wasu gine-gine. To kun ji, su ma sun taɓa yin irin abin da muke yi wa ganuwa. Sai a 1843 Yarima Wilhelm na Furusha ya sayi abin da ya rage, ɗiba ta tsaya. Yau wannan kangon, da ko rufi babu a yawancinsa, mutane ke layi suna biyan kuɗin shiga. A gindinsa ga mai otal, ga mai gidan abinci, ga mai sayar da tsaraba, ga mai jirgin ruwa, kowa yana samun na cefane.

Haka kuma a Bacharach, garin da tsofaffin gidajensa na katako da yaɓe suke nan mutane na zaune a ciki, gidan sarautar Stahleck da Faransawa suka rusa a 1689 an sake gina shi a shekarun 1920, ya zama masaukin matasa da 'yan makaranta. A Oberwesel kuwa hasumiyoyi 16 na ganuwar garin suna tsaye, har ana hawa kanta a yi yawo. Shi kuma Marksburg, da ba a taɓa rusa shi ba, wata ƙungiya ce ta masu kishin irin waɗannan gine-gine, wadda aka kafa a 1899, ta saye shi a 1900, kuma har yau ita ke kula da shi. A lura, ƙungiya na ce, ba gwamnati ba.

Ina tsaye a kan Rheinfels sai kunya ta kama ni. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun ƙarni na 12, ta girmi wannan gini da na biya kuɗi don in gani. Kuma Bajamushe ne, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 ya rubuta labarin birnin da kasuwancinsa ya kai wa mutanensu. Su sun tako sahara don su ga namu. Mu kuwa fa? Wani ya zo da jaki ko tifa ya ɗebi ƙasar badala ya yi tubali, wani ya zuba shara, wani ya fasa ya kafa shago. Ni kaina ba zan wanke hannuna ba, don da ƙasar ganuwa aka yaɓe zauren gidan da na tashi a ciki. Kufan Surame na Kanta fa, mu nawa muka taɓa zuwa?

Na san wani zai ce, Malam, mai jin yunwa ina ruwansa da kango? Gaskiya ne, amma abin da nake cewa ke nan, kangon abinci ne. Baƙon da ya zo kallo zai sha fura, ya sayi hula da takalmin fata, ya hau Keke Napep, ya kwana a masauki. Duk a aljihun talaka kuɗin zai faɗa. Ƙasar da aka ɗiba kuwa sau ɗaya ake sayar da ita, shi ke nan an yanka kazar da ke ƙwai.

Wani kuma zai ce nasu dutse ne, namu ƙasa ce, damina biyu ta cinye. Wannan ma haka ne, shi ya sa namu ya fi bukatar hannu. Iyayenmu da aikin gayya suke yaɓe ta, ga magina har yanzu muna da su. Kuma kada a ɗauka can aljanna ce. Jiragen ƙasa masu dakon kaya suna damun mutanen kwarin da ƙara dare da rana, matasa da yawa sun tafi birane, in sanyi ya shigo baƙi sukan ɗauke ƙafa, wasu shaguna su rufe. Duk da haka ba su ce a rushe a huta ba.

Saboda haka ina kira ga masu unguwanni da dagatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kowane gari da ke da ganuwa ko tsohuwar ƙofa ko marina ko kushewar tarihi, a kafa ɗan kwamiti. A hana ɗibar ƙasa da zuba shara, a yi karo-karo a yi yaɓe kafin damina, a zauna da dattawa a rubuta labarin wurin tun suna raye, a koya wa samari biyu ko uku su riƙa zagayawa da baƙi ana ba su ɗan abin hasafi. Malaman makaranta kuma su riƙa kai yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma in muka jira sai an zo an yi mana, za mu wayi gari jikokinmu sai a hoto za su ga badala.



Naku,
Wani mai sayar da kayan gyaran mota,
Kano.