Karaye Na Buƙatar Turbar Da Baƙo Zai Bi Ba Tare Da Ɗan Jagora Ba

Duk sa'ad da aka tayar da zancen yawon buɗe ido a Jihar Kano, hankalin mahukunta kan karkata ne ga babban gini: otal, zauren taro, doguwar katanga da ƙofar da za a yanka ƙyalle a buɗe. Mun ga inda wannan tunani ya kai mu. Otal ɗin Bagauda da aka gina a bakin tafki zamanin Gwamna Audu Bako domin baƙi su zo su huta, yau reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya ne ke cikinsa. A ganina, yankin Karaye da Rogo ya kamata ya fara da abin da bai kai wannan tsada ba ko kusa: gajeriyar turba ta kilomita 3 ko 4, shararriya, mai alamomi, wadda baƙon da bai san gari ba zai bi da ƙafarsa, shi kaɗai ko da iyalinsa, ya kewayo cikin awa biyu, ya dawo inda ya ajiye motarsa ba tare da ya nemi ɗan jagora ba.

Waɗanda suka fi ƙwarewa a wannan dabara su ne garuruwan bakin teku da manyan jiragen ruwa na 'yan shaƙatawa ke yada zango a cikinsu. Irin wannan jirgi yakan iso tasha da safe ɗauke da dubban fasinjoji, ya tashi da yamma, kuma duk wanda ya fita yawon kansa ya makara, jirgi ba ya jiransa. Birnin Juneau na jihar Alaska a Amurka, wanda mazaunansa kimanin 32,000 ne, ya karɓi irin waɗannan fasinjoji fiye da miliyan 1.6 a shekarar 2023. Garin yana kewaye da dajin Tongass, kurmi mai yawan ruwan sama wanda shi ne mafi girma cikin dazuzzukan gwamnatin tarayyar Amurka. Fasinja mai awa shida a hannu ba zai ga ko ɗaya bisa dubu na wannan daji ba, kuma ba ya buƙatar gani. Abin da aka tanadar masa shi ne gajerun turbobi irin ta Nugget Falls, mai kimanin kilomita 3 zuwa da dawowa, wadda tun kafin ya ɗaga ƙafa ya san tsawonta, ya san inda za ta kai shi. Baƙon da lokaci ya ƙure wa tabbaci yake nema: zai shiga, ya ga abin gani, ya fito a kan kari.

Ba ma sai an je Amurka ba. Cibiyar kare muhalli ta Lekki da ke Legas, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, hekta 78 ce kacal, a tsakiyar gidaje da cunkoson motoci. Turbar katako ce ta ratsa fadamarta da kurminta, mutane na biyan kuɗin shiga suna takawa, birai na tsalle a kansu. Dajin Falgore da ke kudancin Kano ya ninka ta fiye da sau dubu a faɗi, amma da wuya ka ji magidanci a birni ya ce ranar Asabar can zai kai 'ya'yansa. Rashin tsaro na daga cikin dalilai, zan kuma zo kansa, amma ko a shekarun zaman lafiya wanda ya isa bakin Falgore ba ya sanin ta ina zai fara, ta ina zai ƙare. Girman daji ba ya jawo baƙo idan babu hanyar da aka share masa.

Gaskiya ce ba mu da teku, ba mu kuma da kurmin da ruwa ke zuba a kansa shekara zagaye. Amma Karaye na da ruwa. Dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992 kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano, yana cikin manyan madatsun ruwa na Arewa, ga kuma na Kusalla a ƙaramar hukuma guda. A bakin irin wannan ruwa ana ganin masunta na jefa birgi, zalɓe na tsaye a gefe, belbela na bin shanu, shamuwa kuma ta iso in damina ta kusa. A kan tudu akwai itatuwan da yaron birni ke cin amfaninsu bai taɓa ganin jikinsu ba. Ɗauki ɗorawa: da rani jajayen furanninta ke reto a ƙarshen dogayen silla, daga baya 'ya'yan su nuna a sauko da su, a sha garin, a dafa kalwar a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba ta daɓe da shafen katanga. Ko gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina lokacin da kowace bishiya ta yi kore, ya sake tofo da rani, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona don ba ya tare wa gero rana, ga taki daga ganyensa, ga abincin dabbobi daga 'ya'yansa. Ƙaramin allo a gindin kowace, ɗauke da sunanta da amfaninta da Hausa da Turanci, ya isa ya mayar da tafiyar awa biyu darasi.

Sai tambayar su wa za su zo. Karaye ta riga ta saba da baƙon da ba ya daɗewa. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla, inda matasa daga kowace kusurwa ta Najeriya ke yin mako uku, rukuni bayan rukuni, da yawansu su tafi ba su san komai na ƙasar ba sai filin fareti da kasuwar mami. Dokar sansani ba ta barinsu fita yadda suka ga dama, amma babu abin da zai hana shugabanninsa su fito da su ƙungiya-ƙungiya idan akwai amintacciyar hanya a kusa. Bayan su akwai 'yan biki da 'yan ta'aziyya da ke zuwa daga birni su koma a yini, da 'yan asalin yankin da ke dawowa gida da Sallah tare da 'ya'yan da aka haifa a Kano ko Abuja, da makarantun da ke neman inda za su kai ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi. Dukansu halinsu ɗaya da fasinjan jirgin nan: 'yan awoyi gare su, kuma ba za su kutsa jeji da ka ba.

Aikin kansa ba ya buƙatar ɗan kwangila daga waje. Dattawan Yammedi da na sauran mazaɓun Karaye da Rogo sun san tsofaffin turbobi, sun san burtali, sun san inda kuka ko tsamiyar da ta girmi kowa a gari take, kuma su ne za su nuna inda hanya za ta bi ba tare da ta taka gonar wani ko ta leƙa bayan gidan wani ba. Abin da ya rage shi ne fartanya da adda, fenti a jikin duwatsu ko turaku kowace tazara kaɗan, allo a bakin shiga mai nuna taswira da tsawo da lokacin rufewa, benci a inuwa, randar ruwa, wurin alwala da bayan gida. Turbar ta zama mai kewayowa, domin wanda ya shiga ya fito inda ya fara. A sa mutum ɗaya a ƙofa yana rubuta sunan mai shiga da lambar wayarsa, yana karɓar ɗan abin da aka yanka, yana kuma tabbatar da cewa kowa ya fito kafin la'asar sakaliya.

Babban dalilin da ya sa nake ganin aikin ya cancanta ya wuce kuɗin ƙofa. Tsadar gas da kananzir ta tura gidaje da yawa a birni ga gawayi, kuma buhunan da ake lodawa a bakin titi daga jikin marke da ƙirya da kaɗanya suke fitowa. Itacen da ba wanda ya san da shi sai mai gatari, kwanansa ƙirgagge ne. Wanda kuwa aka liƙa wa suna, yara 'yan makaranta suka tsaya a gindinsa, mai kunun aya da mai soyayyen kifi suke samun ciniki albarkacinsa, ya sami masu tsaya masa, don ranar da aka sare shi kowa zai tambayi wanda ya yi. Wannan ya shafi dam ɗin ma kai tsaye, domin saiwar itatuwan gaɓa ce ke riƙe ƙasa, in babu su yashi da laka ne ke gangarawa su cike madatsar, alhali ruwan Challawa ne ke haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, wanda manoma da masunta har Jigawa da Yobe suka dogara da shi.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan wannan shawara ita ce tsaro, kuma ba abin rainawa ba ce. Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, Falgore kuma ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu har sojoji suka mayar da shi wurin atisaye. Babu mai hankalin da zai ce a tura baƙo shi kaɗai cikin ƙungurmin daji, ko Falgore ko Dansoshiya da ke Kiru. To amma abin da ake magana a kai gajeriyar hanya ce a gefen gari, da rana tsaka, inda waya ke da sabis, inda ihu ɗaya zai isa kunnen masu noman rani. A fara da wurin da jami'an tsaro da 'yan sintiri suka amince da shi, a rufe duk ranar da suka ce a rufe, inda kuwa ba su amince ba a haƙura. Sanannen abu ne kuma cewa ɓata-gari sun fi son wurin da ƙafa ta ɗauke. Hanyar da ake bi kullum, mai mai gadi da rajista, ta fi kangon da aka bar wa kowa aminci.

Wasu za su ce Bahaushe ba ya tafiyar da ba ta da dalili, yawon banza zai kira ta. Duk wanda ya ga yadda jama'a ke hawa Dutsen Dala ranar Takutaha, ko cincirindon da ke gidan zu na Audu Bako da Sallah, ya san mutanenmu na son fita kallo, wurin zuwa ne ya yi musu kaɗan. Likitoci kuma kullum suna ce wa masu hawan jini da ciwon suga su riƙa takawa, su rasa inda za su taka sai gefen titi cikin hayaƙin adaidaita sahu. Wasu kuma za su ce rashin tilasta ɗan jagora toshe wa matasan gari hanyar abinci ne. Lissafin bai nuna haka ba. Magidanci mai 'ya'ya biyar da zai iya biyan kuɗin ƙofa, in aka ɗora masa ladan jagora sai ya fasa zuwa, mai fura da mai rake da ɗan acaɓa duk su yi asara. A bar jagora ya zama zaɓi. Wanda ke son jin tarihin gari ko sirrin saiwoyi daga bakin mafarauci ko mai maganin gargajiya zai biya da daɗin rai, kuma yawan masu zuwa ne zai yawaita irinsu.

Akwai haɗarin ruwa, wanda dole a faɗe shi tun da wuri. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Don haka turbar ta tsaya a kan tudu, a hana wanka saboda nutsewa da cutar tsargiya, duk mai jirgin da zai ɗauki baƙo kuma ya tanadi rigar kariya, ya tsaya a adadin da aka ƙayyade masa. Allon ƙofa ya gargaɗi mutane su sa takalmi rufaffe saboda maciji da ƙaya, su ba garke hanya, kada su tsinki komai a gonar mutane, kada su ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Masu ikon yin wannan sanannu ne. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da masu unguwannin da za su sasanta maganar fili. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da dam ɗin Challawa, ita za ta ba da izinin gaɓa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, dashen itatuwa na cikin aikinsa. Kiran da nake yi ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu da Mai Martaba Sarki shi ne su zaɓi wuri ɗaya tak, su share turba ɗaya, su buɗe ta da zarar an gama kaka, su riƙa rubuta duk wanda ya shiga har shekara ta zagayo. Idan littafin ƙofa ya cika, a ƙara ta biyu a Yammedi ko Rogo. Idan bai cika ba, abin da aka kashe bai wuce na fenti da alluna ba, itatuwan da aka dasa kuma suna nan ga jama'ar gari.