Haƙorin makaho da kurma

A watan Janairu na shekara ta 2019, wadda ta yi daidai da 1440 ta Hijira, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. A cikinta an wajabta wa asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar majinyacin da ba ya ji ko ba ya magana. Wajen ciwon haƙori, hukuncin nan bai kai ga talakan ƙasar Bakori ba tukuna.

Dalili kuwa shi ne ciwon haƙori ba ya sallama da zafi. Farkonsa datti ne yake taruwa a gindin haƙori, in ya yi kwanaki sai ya daskare, dasashi ya kumbura, ya riƙa fid da jini. Mai ido yana ganin jan a bakin asuwakinsa, ko ya ga baƙin ɗigo a madubi. Makaho ba ya ganin ko ɗaya. Sai ranar da kogo ya kai ga jijiya, barci ya gagara, sa'an nan jagora ya kai shi wurin mai cire haƙori a kasuwa, alhali da an gano da wuri cikewa kawai za a yi. Ga shi kuma ƙasa ce ta rake da mazarƙwaila, tun daga Danja har Funtuwa, zaƙi kuwa shi ne abincin abin da ke cin haƙori.

Na kurma ya fi ban tausayi. Yana ganin cutar sarai, amma in ya je asibiti sai ya tarar likita ya rufe bakinsa da ƙyalle, leɓen da zai duba ya gane magana ya ɓuya. A cire masa haƙori, a ce kada ya kurkure baki ran nan don kada jinin da ya daskare a gurbin ya fita, bai ji ba. Ya koma gida ya kurkure, ciwo ya dawo sabo. Ga makarantar kurame a Malumfashi, ɗalibanta sun ƙware a maganar hannu. Ɗaukar ɗaya daga cikinsu aiki a ɗakin haƙori bai kai kuɗin kujerar likita ba.

Malamai ma ba su kuɓuta ba. Hadisi ya kwaɗaitar da asuwaki a kowace salla, kuma Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Amma sau da yawa almajiri makaho yakan hardace Alƙur'ani ba wanda ya taɓa riƙe hannunsa ya bi da asuwakin bedi haƙori bayan haƙori, ciki da waje, har turame na can baya. Sarkin Makafi yana da jama'arsa, yana da ranar taronsu. Nan ne ma'aikacin lafiya zai same su wuri ɗaya, ya duba bakinsu, a kuma koya wa 'yan jagora su riƙa duban asuwakin da safe, in sun ga jini su faɗa.