Gudummawar Gwamnati Don Gina Tashoshin Cajin Mota: A Ba Da, Amma Da Sharaɗi

'Yan'uwana ɗalibai, tun daga ran 29 ga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, zancen motoci masu aiki da lantarki ya fita daga bakin masana ya shiga bakin direbobin tasha. To, amma ɗan kasuwa ba zai zuba dukiyarsa ya gina tashar caji ba alhali kuwa babu motocin da za su zo, shi kuma direba ba zai sayi motar da ba ta da wurin shan wuta ba. Don kwance wannan ƙulli ne Gwamnatocin waɗansu ƙasashe suke ba 'yan kasuwa gudummawar kuɗi, watau kuɗin da ba rance ba ne, ba a mayarwa. Ni ina goyon bayan a yi haka a nan, amma da sharaɗi.

Mu dubi Amurka. A shekarar 2021 Shugaba Biden ya sa hannu a kan dokar da ta keɓe dala miliyan 5,000 don gina tashoshin caji a manyan hanyoyi, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar har kashi 80 cikin ɗari na kuɗin aikin. Duk da wannan tulin dukiya, ba a buɗe tasha ta farko ba sai a watan Disamba na 2023, a jihar Ohayo. A watan Fabrairu na 2025 kuma sabuwar Gwamnati ta dakatar da shirin, sai da magana ta kai gaban alƙali. Abin da ya burge ni a shirin nasu shi ne ƙa'idodinsa: tilas kowace tasha ta iya cajin motoci huɗu a lokaci ɗaya, kowace da ƙarfin kilowat 150, kuma ta kasance tana aiki kashi 97 cikin ɗari na kwanakin shekara.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Huɗu sau 150, kilowat 600 ke nan, watau tasha ɗaya ta fi ƙarfin irin taransifomar da unguwa guda take dogara da ita a garuruwanmu. Ina za mu samo wannan wuta? Mu da muke karatun jarrabawa da fitilar wayar hannu mun san amsa. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwana cikin duhu fiye da mako guda, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Wanda duk ya karɓi kuɗin jama'a ya jona tasharsa da wannan layi kaɗai, ƙarshenta janareta zai tayar, a ƙona gas don a caja motar da aka ce ta zo raba mu da mai. An gudu ba a tsira ba.

Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. A shekarar 2021 hukumar ƙasa mai kula da ƙera motoci, lokacin da Jelani Aliyu yake shugabancinta, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A watan Disamba na 2023 kuma aka ƙaddamar da motocin haya masu lantarki a Maiduguri. Rana muna da ita har ta yi yawa, kuma abin hawan talaka shi ne bas da keke mai ƙafa uku, waɗanda suke kwana a tasha ɗaya kullum. Saboda haka nan ya kamata gudummawa ta nufa, ga mai gina tasha da faranti da batir a bakin kasuwa ko ƙofar makaranta. Attajirin da ya iya sayen motar ƙasaita ya iya ja mata waya a gidansa.

Babban tsorona shi ne yadda za a biya. Mun ga rijiyoyin burtsatse da aka yanke musu ƙyalle aka yi tafi, bayan wata uku akuyoyi suka mai da su wurin shan inuwa. In aka ba ɗan kwangila kuɗi tun kafin ya kafa tubali, lalle abin da za mu samu ke nan. Shawarata ita ce a ba shi kaɗan ran da tasha ta fara aiki, sauran kuma a riƙa sakar masa shekara shekara gwargwadon wutar da mita ta nuna motoci sun sha. A buga sunan kowane kamfani da abin da ya karɓa a jarida.

Ku yayyenmu da kuka shiga aikin Gwamnati, a kan teburinku fayil ɗin zai sauka. Kafin ku sa hannu, ku tashi ku je ku ga tashar da idonku, ku kuma nemi a nuna muku mitar.